Filin Allura da Zare: Duwatsun Mayafi da Ɗinkin Cikin Kaza

TAMBAYA: Gwaggo, barka da aiki. Na sayi mayafi mai duwatsu saboda bikin ƙanwata. Yafawa ɗaya na yi, layi guda ya zube. Tela ya ce in kawo ya manna min da gam. In yarda? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

AMSA: 'Yata, kar ki yarda. Duwatsun ado iri biyu ne: akwai ston mai shafaffen baya da ake mannawa da zafi, akwai kuma mai huda wanda zare ke ratsawa. Tunda layi guda ya zube lokaci ɗaya, naki mai huda ne, kuma jera su aka yi a zare ɗaya ba ƙulli a tsakani. Gam a yadi mara nauyi irin na mayafi tabo zai bar miki, wurin kuma ya sandare.

Ki je wajen masu sayar da kayan teloli ki ce a ba ki allurar duwatsu, siririya doguwa, lamba 10 ko 12. Lambar na hawa, allurar na ƙara siranta. Ki tafi da dutse ɗaya ki gwada a gabansu, domin so ake allura da zarenta su ratsa hudar har sau biyu. Zare ki nemi mai ƙarfi, kalar mayafin, ki ninka shi biyu, kada ya wuce kamu guda don kar ya riƙa harɗewa. In kina da kakin zuma ki goga masa.

Ga inda aikin yake. Ki soko allura daga bayan yadi, ki zura duwatsu uku, ki kwantar da su, ki soka ƙasa daidai inda na ukun ya tsaya. Sai ki koma baya ki ɓullo tsakanin na farko da na biyu, ki sake ratsa biyun ƙarshe, sannan ki ƙaro wasu uku. Duk bayan tara ko goma sha biyu ki yi ƙulli ta baya. Haka ko zare ya tsinke, 'yan kaɗan za ki rasa. Kada ki ja da ƙarfi, yadin zai tattare. Ina jin zafin yadda ake sayar wa mata wannan aikin gaggawa da tsada, don haka ki duba sauran layukan ma tun kafin ranar biki. Wanki da hannu, guga ta baya.

TAMBAYA: Gwaggo, ina so in cusa wa kaza shinkafa in gasa ta a oben saboda baƙin Sallah, amma kullum cushen sai ya zubo, ƙafafun su baje. Zan iya ɗinke ta da zaren keke? Daga wata amarya a Maraɗi.

AMSA: Amarya, ɗinkewar daidai ce, zaren ne ba daidai ba. Yawancin zaren keke na yanzu na roba ne, zafi na iya narkar da shi a jikin naman. Ki nemi zaren auduga mai kauri, fari, wanda ba a rina ba. In kina shakka ki kunna wa bakinsa ashana: auduga tana cin wuta ta zama toka, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri.

Ki sami sabuwar basilla ki tafasa ta, ki ware ta don girki kawai. Shinkafar ta zama dafaffiya, kuma kar ki danƙara ta. Ki haɗa fatar bakin cikin da manyan ɗinki biyar ko shida, ki gicciya ƙafafun ki ɗaure, fukafukan ki lanƙwasa su ta baya don kar bakinsu ya ƙone. In kina da ma'aunin zafin abinci, cinya da tsakiyar cushen su kai digiri 74 na Celsius. Kafin ki kai gaban baƙi ki yanke zaren ki zare shi kaf, musamman in akwai yara a wurin.

TAMBAYA: Maɓallin rigar makarantar ɗana kullum sai ya cire. Daga wata uwa a Gusau.

AMSA: 'Yar uwa, kina matse shi da yadi ne. Ki ɗora tsinken ashana a kan maɓallin ki ɗinka ta kansa, ki zare tsinken, ki naɗe zaren ƙarƙashin maɓallin sau biyar, ki ƙulle ta baya. In yaron ya kai shekara 10, ki zaunar da shi ya ɗinka na biyun da hannunsa.