Ɗaga hannu da jinjina: abu ɗaya ne a wajen yabo?

Wata 'yar'uwa daga Kafanchan, 'yar zumuntar mata, ta aiko da tambaya. Ta ce a majami'arsu mai ba da waƙa yakan ce a ɗaga hannuwa a yabi Ubangiji, sai wani baƙon mai wa'azi ya zo ya ce a yi wa Yesu jinjina. Tana son ta san ko duk ɗaya ne, kuma ko akwai karin maganar da ta dace da wannan.

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari. Kalmomin maƙwabta ne, amma kowace da gidanta.

Jinjina ta fada ce. Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a Kano ko Zariya ya gan ta: mahaya su zaburo da dawakai, su ja linzami a gaban sarki, kowa ya dunƙule hannun dama ya ɗaga sama yana girgizawa, wani da mashi. Hannun a dunƙule yake, domin saƙonsa shi ne ƙarfina naka ne, ranka ya daɗe. Kuma kalmar tana tafiya da nauyi, shi ya sa muke cewa ya jinjina kaya ya ji nauyinsu, ko ya jinjina lamarin.

Ɗaga hannu kuwa sai an ga inda aka yi shi. Ɗalibi yana yi a aji, matafiyi yana yi wa mota, wanda aka ritsa da bindiga ma yana yi. A wurin sujada, abin lura shi ne tafin hannun a buɗe yake. Na taɓa zama bayan wata tsohuwa a sujadar safiyar Lahadi. Da aka ɗauki waƙa sai ta ajiye littafinta a kan benci, ta buɗe tafukanta daidai kafaɗa, yatsun suna rawa don tsufa, idonta a rufe. Ba ƙarfi take nunawa ba. Hannun mai roƙo ne, wanda bai riƙe komai ba.

Haka yake tun asali. A Zabura 63, inda Dawuda ya ce zai ɗaga hannuwansa da sunan Allah, kalmar Ibraniyanci ita ce kaf, wato tafin hannu, 'yar'uwar kaff ta Larabci. Zabura 141 ta kwatanta ɗaga tafukan da hadayar maraice. Bulus ma, a wasiƙarsa ta fari ga Timoti, sura 2, ya ce a yi addu'a ana ɗaga hannuwa tsarkaka, ba fushi ba gardama. Wannan ya fi kama ni, don mai fushi dunƙule hannu yake yi.

To, mai wa'azin ya yi kuskure? Ban ce ba. Wanda ya kira Yesu Sarkin sarakuna, in ya ari kalmar fada bai ɓata Hausa ba, kuma yau jinjina ta faɗaɗa har ta zama yabawa kawai. Sai dai ni, in ana maganar abin da hannuwanku suke yi a lokacin waƙa, ɗaga hannu zan zaɓa.

Karin maganar da kike nema, ban ga wadda ta kai "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka" ba. Duba littafin Fitowa sura 17 a cikin Littafi Mai Tsarki. Ana yaƙi da Amalekawa a Refidim, Musa yana kan tudu. In ya ɗaga hannu Isra'ilawa su rinjaya, in ya sauke a rinjaye su. Da ya gaji, sai aka kawo dutse ya zauna, Haruna ya tallafi hannu ɗaya, Hur ya tallafi ɗayan, har rana ta faɗi.