Basasa, dakaru, da ƙaiƙayin da ya koma kan masheƙiya

Tambayoyi uku ne a gabana wannan makon, kuma duk yaƙin Sudan ne ya jawo su. Ta farko daga wani malamin makaranta a Damagaram: "Malam, kullum rediyo na cewa yaƙin basasa. Mece ce basasa? Hausa ce ko aro?"

Malam, Allah ya ƙara sani. Basasa ita ce yaƙin 'yan gida ɗaya, inda mai sara da wanda ake sara suka san kakannin juna. Ra'ayin da na fi karkata gare shi shi ne daga Larabci muka aro ta, daga yaƙin Basus na zamanin jahiliyya. Basus sunan wata mata ce. Taguwar baƙonta ta shiga makiyayar Kulaibu, shugaban ƙabilar Taglib, ya harbe ta da kibiya. Jassasu, ɗan 'yar'uwar Basus, ya kashe Kulaibu. Daga nan Bakr, ƙabilar Jassasu, da Taglib, waɗanda kakansu ɗaya, suka yi ta kashe juna, masu ba da labari suka ce har shekara 40. A kan raƙuma fa!

Kanawa kuwa ba sai an kai su ƙasar Larabawa ba. Da Sarkin Kano Bello ya rasu a 1893, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufu ɗan Abdullahi Maje Karofi ya ƙi mubaya'a, ya fita Takai da jama'arsa. Aka rabu Tukurawa da Yusufawa, duk jikokin Dabo. Yusufu ya rasu a tsakiyar rikicin, Aliyu Babba ya gaje shi ya ci Kano, aka kashe Tukur a 1895. Har gobe in dattijon Kano ya ce "Basasa" kawai, wannan yake nufi.

To, kalmar ta zauna wa Sudan daram. Janar Abdulfatah al-Burhan da Janar Muhammad Hamdan Dagalo, wanda ake kira Hemeti, inuwa ɗaya suka sha. Tare suka juya wa Shugaba Umar al-Bashir baya a Afrilun 2019. Tare suka kifar da gwamnatin farar hula ta Abdalla Hamdok ranar 25 ga Oktoban 2021. Burhan ne shugaban majalisar mulki, Hemeti mataimakinsa, har safiyar 15 ga Afrilun 2023 da bindiga ta tashi a Khartoum tsakanin sojojin Burhan da rundunar RSF ta Hemeti.

Tambaya ta biyu daga wata Hajiya a Kumasi: "Wasu na ce wa RSF 'yan tawaye, wasu mayaƙan sa-kai, wasu dakaru. Wanne ne daidai?"

Hajiya, kin taɓo inda yake wa masu fassara ƙaiƙayi. Sa-kai shi ne mutum ya miƙa kansa ba don albashi ba, kamar matasan unguwa masu sintirin dare. Mayaƙan RSF kuwa albashi suke karɓa, da kaki da muƙamai, don haka wannan suna bai kama su ba. Tawaye shi ne na ƙasa ya ɗaga wa na sama kai. Gwamnatin Burhan da shi take kiran su, amma duk ɗan jaridar da ya ɗauke shi ya riga ya yanke hukuncin wane ne na sama, wanda kuwa shi ne abin da ake yaƙin a kansa. Kuma sunan yana ɓoye wani abu: gwamnatin Bashir ce da hannunta ta ƙirƙiri rundunar a 2013, ta yi mata doka a 2017. Ni na fi son "dakarun kai ɗaukin gaggawa", domin shi ne ma'anar sunansu na Larabci, ad-Da'am as-Sari'.

Sai dai akwai abin dariya a nan. A Hausar da, dakare sojan ƙasa ne, mai tafiya da ƙafa, kishiyar barde mai doki. Su kuwa waɗannan daga Janjawid suka tsiro, mahaya dawaki da raƙuma da Bashir ya ba makamai don murƙushe tawayen Darfur da ya ɓarke a 2003. An saba fassara Janjawid da aljani a kan doki. Yau motoci masu ɗauke da manyan bindigogi suke hawa. Harshe ya riga ya faɗaɗa "dakaru" zuwa kowane irin mayaƙa, ba zan tsaya jayayya da shi ba.

Ta uku ce ta fi taɓa ni. Wani saurayi ne daga Maiurno, garin nan na bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, wanda Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Ya ce: "Baba, kakata tana yawan cewa ƙaiƙayi koma kan masheƙiya in ana zancen yaƙin nan. Larabci ya fi ƙarfi a bakina, ban gane ba."

Ɗana, Allah ya ja da ran kakarka. In an sussuke gero, mace takan zuba shi a ƙwarya, ta ɗaga sama ta riƙa zubowa, iska ta kwashe ƙaiƙayi, tsaba ta faɗo ƙasa. Wannan aiki shi ne sheƙa, mai yin sa masheƙiya. In iska ta juya, ƙaiƙayin da ta so ya tafi can sai ya dawo mata ka. Ana faɗar karin maganar ga wanda ya shirya wa wani sharri, sharrin ya dawo kansa.

Bashir ya zo mulki ta juyin mulki a 1989, ya san abin da soja ke iya yi, shi ya sa ya yi kiwon wata runduna a gefe don ta tsare shi daga sojojinsa. An ce har wasa yake da sunan Hemeti yana ce masa "Himayti", wato kariyata. Ya bar shi ya kama ma'adinan zinariya na Jabal Amir a 2017, ya bar shi yana tura mayaƙa Yaman ana biya. Ranar da iska ta juya, kariyar tasa tana cikin masu tuɓe shi. Sojojin da suka ci gajiyar rundunar su ma ba su tsira ba: da aka zo maganar narkar da ita cikin sojan gwamnati bayan yarjejeniyar komawa mulkin farar hula ta Disambar 2022, soja suka ce cikin shekara 2, Hemeti ya ce sai 10, aka kuma kasa daidaitawa kan wa zai riƙa ba wa umarni. Inda karin maganar ta gaza shi ne, a masussuka masheƙiya kaɗai ke shan ƙaiƙayinta, a Sudan kuwa sama da mutum miliyan 10 ne suka bar gidajensu.

In za ka faɗa wa kakarka ka gane, kula da ƙ ɗin nan mai lanƙwasa, kada Larabci ya mayar maka da ita k. Kuma ƙaiƙayin gero da ƙaiƙayin jiki kalma ɗaya ce. Ka je masussuka da rani ba riga, kafin la'asar za ka san dalili.