Tambaya da Amsa: Sin da Amurka, faɗa suke ko ciniki?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon wayoyi da panno na sola bakin babbar kasuwa, kayana kusan duka na Sin ne. Kullum a rediyo sai a ce Amurka ta ƙara ma Sin kuɗin duwan, Sin ta rama, amma kuma wai har yau suna ciniki da juna. To faɗa suke ko mi? Mu nan kaya za su yi tsada ne? Daga wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Duka biyun suke yi. Ɗauki iPhone guda cikin shagonka ka juya kwalin, a Kalifoniya anka zana ta, mafi yawa a Sin ake harhaɗa ta, ƙwaƙwalwar cikinta kamfanin TSMC na Taiwan ya yi ta da injin ASML na ƙasar Holan, to ka gaya mini waya ta wa ce? Tun da Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001 haka anka raba aikin, Turawa da fasaha da kuɗi, Sin da masana'antu da ma'aikata masu arha. Rigima ta taso ne da yaron shago ya koyi sana'a ya buɗe nashi shago dab da na ubangida, yanzu Sin na ƙera motar lantarki irin BYD har Turai ta ɗora mata ƙarin duwan a 2024.

Trump ya fara nashi ƙarin duwan kan kayan Sin a 2018. A 2025 abin ya kai kashi 145 cikin ɗari, Sin ta rama da 125, amma ko wata biyu ba a yi ba sunka zauna a Janeba a watan Mayu kowa ya sauko, don Amurka na buƙatar wasu ma'adinai da kusan duk duniya Sin ke tace su, manomanta kuma na son mai sayen waken suya. Wanda ke bin ka bashi ba ya so ka mutu.

Batun shagonka kuwa, wannan duwan ɗin a ƙofar Amurka ake biyan shi, ba a Maradi ba. Tecno da Itel ma can ba kasuwarsu ba ce, kamfanin Transsion don mu yake yin su. Panno kuwa sama da kashi 80 na duniya Sin ke yi, in an rufe masu ƙofa can sai su nemi inda za su zuba, ni a ganina ma arha za ta ƙaru. Abin da ke cin ribarka hanya ce, tun da iyakar Benin ta rufe a 2023 kwantena sai ta sauka Lome ta biyo Burkina, kamyo ya yi makonni yana jiran rakiyar soji. Sai dalar Amurka, sefa na ɗaure da yuro, in dala ta hau kan yuro mai sayar maka da kaya a birnin Guangzhou na Sin zai ci maka ƙarin jikkuna ko bai taɓa farashi ba. Kafin ka yi odar gaba tambayi mai transit ɗinka nawa kwantena take yanzu daga Lome.