Likita, Inna ta daina cin abinci tun da kyanwarta ta mutu

Saƙonni uku suka zo mini a wannan mako a kan mutuwar tsohuwar dabbar gida, kuma kowanne ya fara da roƙon kada in yi dariya. Ba zan yi ba. Na sha ganin irin wannan a ɗakin duba marasa lafiya, sai dai mutane kan shigo da ciwon kai ko faɗuwar gaba, sai an daɗe ana hira kafin asalin maganar ta fito.

Likita, ina unguwar Zariya a nan Maradi. Mahaifiyata ta haura shekara 70, tana da hawan jini da ciwon suga. Kyanwarta da ta shekara 16 a ɗakinta ta mutu kwana goma da suka wuce. Tun ranar ko fura sai an yi da gaske take sha, cikin dare kuma ina jin kukanta. Maƙwabta na cewa ai mussa ce kawai. Yaya zan yi?

Allah ya ba Inna haƙuri, ƴar'uwa. Ki duba ki gani: ƴaƴa sun watse gidajen aure, jikoki suna makaranta, wa ke kwana a bayan ƙafarta? Wa take fara tsiyaya wa nono a murfin kwano bayan sallar asuba? Shekara 16 ana wannan. Rashin barci, ƙin abinci, kuka, har ma jin kamar motsinta a ƙarƙashin gado, duk alhini ne irin wanda aka saba gani, kuma kwana goma ba su yi yawa ba. Sau da yawa ma sabon rashi kan tono tsoho. Mai yiwuwa rabin hawayen nan na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne, kyanwar ce ta buɗe ƙofa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sugan. Mai shan ƙwayar suga irin glibenclamide ko mai allurar insulin, idan ya sha magani bai ci abinci ba, suga na iya faɗuwa ƙasa warwas. Alamunsa gumi, rawar jiki, jiri da ruɗewa. In kin ga haka kuma tana iya haɗiya, ki dama mata sukari cokali uku a ruwa ta sha, sannan ku nufi asibiti. In ba ta cikin hayyacinta, kada a ɗura mata komai. Tun kafin a kai ga haka, ki kai ta wajen likitanta cikin kwanakin nan a daidaita maganin da ɗan abin da take ci. Na hawan jini kuwa kada ta bar shi.

Idan ta ce ƙirjinta na ciwo ko numfashi na yi mata wuya, kada ku jira gari ya waye. Akwai wani ciwo da likitocin Japan suka fara bayyanawa a 1990, inda tsananin baƙin ciki ke raunana tsokar zuciya farat ɗaya, kuma ya fi kama mata masu shekaru. Ba kasafai yake faruwa ba, amma alamunsa ɗaya ne da na bugun zuciya, sai an yi gwaji ake rabewa.

Ki riƙa zama ku ci tare, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ki bar ta ta ba ki labarin kyanwar ko sau nawa ne. Idan an wuce mako biyu kullum tana cikin ƙunci, ba abin da ke faranta mata, ta daina fita ko tsakar gida, to a duba ta kan ciwon damuwa, yana da magani. In kuwa ta fara cewa gara ta mutu, a ranar za ku je.

Su kuma maƙwabta, ki tuna musu da ƙanin Anas bin Malik, Abu Umair, wanda ɗan tsuntsunsa ya mutu. Annabi (SAW) ya gan shi cikin damuwa, bai raina abin ba, ya tsaya ya tambaye shi labarin tsuntsun.

Likita, daga Tibiri nake. Dokina da nake hawan salla da shi ya mutu yana da wajen shekara 27. Ya daɗe yana ramewa. Zuciyata na ce mini ni na yi sakaci. Ba na barci sai na sayi ƙwaya wajen masu tallar magani.

Malam, dokin da ya kai shekara 27 a hannunka shaida ne a kan kiwonka, domin yawancin dawaki tsakanin 25 da 30 suke ƙarewa. Tsohon doki haƙoransa ke cinyewa, sai ka zuba masa harawa da dusa yana tauna yana zubarwa, ya yi ta ramewa ko da rumbu cike yake. Zargin kai yana cikin alhini, kusan duk wanda ya yi jinya sai ya ɗanɗana shi.

Ƙwayar nan ce ban yarda da ita ba. Abin da aka fi miƙa wa mai neman barci shi ne diazepam da danginsa. Cikin ƴan makonni jiki ke sabawa, ga jiri da faɗuwa, ga maganin da ya wuni cikin rana a kan tire ba ka san abin da ke cikinsa ba. In ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke rana ɗaya, hakan na iya jawo jijjiga. Ka je asibiti da kwalin a hannunka a rage maka sannu a hankali. Ka bar shayi daga la'asar, ka riƙa tashi a lokaci ɗaya kullum. Lokacin da ka saba zuwa turke da safe, ka cike shi da tattaki zuwa gona ko majalisa.

Likita, ɗana ɗan shekara 5 ya taso da wata tsohuwar jar akuya da muke tatsa. Ta mutu, na ce masa ta yi tafiya. Kullum yana leƙa ƙofar gida, ya kuma koma fitsarin kwance.

Ki faɗa masa gaskiya da kalmomi masu sauƙi: ta tsufa ƙwarai, ta mutu, ba za ta dawo ba, kuma ba laifinsa ba ne. Yaro a wannan shekaru bai gama gane cewa mutuwa ba ta da dawowa ba, don haka zai yi ta maimaita tambayar, ke kuma ki yi ta ba shi amsa ɗaya. Kada ki ce barci ta yi, sai ya ji tsoron kwanciya. Fitsarin kwancen yakan wuce da kansa, ban da duka, ban da gori a gaban yara. Idan ya haura wata guda, ko yana kuka in zai yi fitsari, ko yana shan ruwa fiye da ƙima, ki kai shi a auna fitsarin. In akuyar ta bar ƴaƴa, ki ɗora masa aikin ba ɗaya ruwa kowace safiya.