Amsa: Shekara 8 rabona da aji, yanzu tsoro nake ji

'Yar'uwa kin ce shekara 8 rabonki da aji, ga admishan ya fito amma gabanki sai faɗuwa yake, wai ko kai ya yi tsatsa kuma za ki zauna cikin ƙannen bayanki. Ni dai na ce ki je ki yi rajistarki kawai, tsoron nan da an fara lakca yake raguwa, kuma a jami'a babu mai tambayarki shekaru, kowa ta kansa yake yi.

Ni ma da goyo na koma bayan shekara 6, ranar farko wallahi hannuna har rawa yake, malamin na ta zuba ni ko layi biyu ban rubuta ba, na koma gida na sha kukana. Wata 'yar yarinya da na girma nesa ba kusa ba ita ta riƙa yi min tutoriyal a barandar masallaci bayan azahar, ban ji kunya ba. Sharaɗin dai ki samu mai riƙe miki yara tun yanzu, don lakcar ƙarfe 8 ba ta jira, kuma kar ki yarda tes ko asaimen ya wuce ki, makinsu ne ya ɗaga ni a semestar farko.