Malama, kar ki hana su neman rufin gidansu

Malama, kin ce kin buɗe wa yara Google Earth, manhajar nan mai nuna duniya da hotunan tauraron ɗan Adam, a darasin tarihi, suka watsar da darasin suka koma neman gidajensu, mai makaranta kuma ya ce ɓarnar data kike yi. Wallahi kamar labarina kike bayarwa.

Ni a Agege nake koyarwa. Akwai ranar da na kwana ina zana hanyar fataken goro daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja a My Maps, manhajar Google ta zana taswira, da kuɗin aljihuna na sayi datar. Ina jona majigi aka ɗauke wuta. Na aika a ta da janareto, sai ga mai makarantarmu da kansa har cikin aji, a gaban ɗalibaina ya ce ba zai ƙona mai saboda wasan waya ba. Aji ya yi tsit. Allin da ke hannuna na matse shi har ya dagargaje ban sani ba. Wata yarinya a layin gaba ta sunkuyar da kai, ita ta ji mini kunyar. Kuma fa lokacin ina bin sa albashin wata biyu! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ki bar su su nemo gidan. Daga nan nake kai nawa ɗaliban tashar jirgin ƙasa ta Agege a kan taswirar, mu bi layin dogo ta Abeokuta, Ibadan, Jebba, Kaduna, Zariya har Kano, inda ya isa a 1911. Sai in ce kowa ya tambayo a gida ta yaya kakansa ya zo Legas. Washegari sai kin gaji da labarin goro da shanu.

Kada ki dogara da wuta ko intanet, don Allah. Da dare nake ɗaukar hotunan taswirar in ajiye a waya, yara biyar-biyar su kewaye ta. Ki nuna musu tsofaffin hotunan tauraron ɗan Adam, su ga yadda aka cike teku a Bar Beach aka yi sabuwar unguwar Eko Atlantic.

Iyaye ma suna da nasu, wai tarihi ba ya kawo aiki. Yaro haifaffen Legas bai san a 1861 Oba Dosunmu ya miƙa garin ga Turawan Ingila ba, abin yana cina.

Taswirar Gwanjan tana nan, in kina so in turo miki.