Bakabe zai nutsa a Bahar Maliya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Argungu ne, gidanmu gidan su ne, tun ina yaro nake faɗawa Matan Fada da gora da homa. Wani kwas zai kai ni Sham Al-Shek a ƙasar Masar, kuma abokai sun ce za mu yi nutson nan da ake goya tukunyar iska a bar ruwa ya tafi da mutum. Wai akwai abin da teku zai nuna wa Bakabe? Daga mai karatu a Argungu.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai kuwa, kuma gwanintar taka ce ta fi ba ni tsoro.

Ku a gulbi, gwani shi ne mai daɗewa a ƙasa bai shaƙi iska ba. Da tukunya a baya, wannan halin na iya kisa. A zurfin mita 10 matsin ruwa ya ninka na sarari sau biyu, don haka iskar da ka shaƙa a can kumbura take yi in kana tasowa. Ka riƙe ta, huhu ya yage. Numfashi ba tsayawa, shi za a fara koya maka. Kuma kada ka yarda a kai ka wurin gudun ruwa sai ka yi horon farko na kwana 3 zuwa 4, wanda takardarsa ta ba ka iznin mita 18.

Sai ruwan kansa. Gulbinmu gabansa ɗaya, ka san inda ya dosa. Na teku yakan juya, saman ya yi lumui alhali ƙasa na gudu. A tsibiran Maldib da Komodo ta Indonesiya cikowa da janyewar teku ke tuƙa shi, ya fi ƙarfi a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Inda za ka kuwa, wato Ras Muhammad kusa da Sham Al-Shek, bakin zirin Sina'i ne, mahaɗar mashigin Suwes da na Aƙaba.

Can na fara. Jirgi ya sauke mu a tsaunin murjanin da ake kira Shak, muka bi ruwa zuwa Yolanda, inda wani jirgin kaya ya yi haɗari a 1980. Kayan da ya zubar suna nan har yau, kuma masai ne na zamani, kifaye na shawagi a kansu. Ban taɓa sha'awar masai ba sai ranar. Ba ka iyo, murjani ne ke wuce ka kamar kana leƙen tagar motar Jega. Ni da girman kaina na ga wani kifi na juya in koma masa. Gudun rabin mita a daƙiƙa kawai, amma cikin 'yan mintoci na yi haki, allurar ma'aunin iskar tukunyata ta faɗi warwas, jagora ya zo ya kama ni kamar akuya.

Saboda haka kada ka yi kokawa da gudun ruwan. In kana son hutawa, sauka kusa da ƙasa ko ka raɓe bayan dutse, nan gudunsa ya fi sauƙi. In ka ji yana danna ka ƙasa a jikin bango, ƙara iska a rigar nutsonka da ake hura wa iska ka yi nesa da bangon. Ku faɗa tare, ku fito tare, domin jirgin tawaga yake bi, ba mutum ɗaya ba. Ka ɓace wa abokinka, minti 1 za ka duba, sannan ka taso a hankali.

Kafin fitowa akan dakata minti 3 a mita 5, a saki doguwar balan-balan mai ruwan lemo don direban jirgi ya hango ku. Sayi taka, da usur, kada ka dogara da ta jagora. Kuma ka duba tikitinka na dawowa: bar awa 24 tsakanin nutson ƙarshe da hawa jirgin sama.